Jan kifin nan mai fararen tabo, zai rayu a Maradi?

Wa alaikumus salam, ƙanena. Na ga hoton, na kuma karanta tambayarka har sau biyu. Ka ce abokinka ɗan kasuwa mai zuwa Dubai ya ga wani ɗan kifi ja jawur mai fararen tabo, tsawonsa bai fi ɗan yatsa ba, ya yi maka alkawarin tahowa da shi a tafiya mai zuwa. Kana da akwatin gilashi mai cin lita 60 da ka taɓa zuba jajayen kifin ado a ciki, ka kuma shekara uku kana kiwon tarwada a kwamin siminti. An gaya maka kifin teku ne, shi ya sa kake son sanin ko gishirin Bilma zai yi, me yake ci, kuma ko zai jure zafin garin nan.

Tun da tsakani da Allah ka tambaye ni, ka kira abokin nan yau ka ce masa ya dakata. Na yi shekaru ina wanke akwatunan kifin teku a wani shago a Jidda, da na dawo gida kuma na riƙe irin wannan kifin a ɗakina a unguwar Zariya, na san daɗinsa na san ɗacinsa. Bari in fara da shi kansa kifin, don na cikin hoton jariri ne, wanda za ka riƙa ciyarwa nan da shekara biyu kuwa ko a hanya kuka haɗu ba za ka ce shi ne ba.

Masana suna kiransa Coris gaimard. Wasu likitocin jirgin ruwa biyu ƴan Faransa, Quoy da Gaimard, su suka rubuta bayaninsa a 1824, bayan tafiyar jirgin Uranie da ta fara a 1817 ta bi da su ta tsibiran Hawai. Danginsa, Labridae, sun haura iri 600, daga ƴan mitsi-mitsi har ƙaton nan mai ƙullutu a goshi, Cheilinus undulatus, da ke wuce mita 2. Mu da ba mu da teku ba mu raɗa masa suna ba, ni dai koris nake ce masa. Gidansa tekun Fasifik ne da gabashin tekun Indiya: Indunusiya, Filifin, kudancin Japan, arewacin Ostiraliya, har Hawai. A Bahar Maliya da gaɓar Kenya da Tanzaniya ƴan'uwansa ne ke zaune, Coris cuvieri da Coris formosa, kuma jariransu duka kama suke yi sai ka ce tagwaye. Ka sa abokinka ya duba fiffiken bayan da kyau. In akwai baƙin ɗigo a jiki, baƙin da ya kewaye fararen tabon kuma ya yi kauri, to formosa ne, shi kuwa har santimita 60 yake kaiwa. Mai shago da yawa bai san bambancin ba, wani ya sani amma ciniki yake so.

Jan nan da ya sace maka zuciya rigar yarinta ce. Ƙirga tabon a hoton: uku manya a gadon baya, biyu ƙanana a kai, kowanne da baƙin zobe. Daga wutsiya canji yake farawa. Gindinta ya yi duhu, ƙananan ɗige-ɗige su fito kamar an tsoma tsintsiya a shuni an yarfa masa, ita kanta wutsiyar ta koma rawaya kamar gwaiduwar ƙwai. Fararen tabon su yi ta ƙanƙancewa ɗaya bayan ɗaya. A nawa, na kan hanci ne ya yi saura, har wata rana na duba na ga babu shi. Fuska ta yi ja-ja da korayen zane kamar an yi mata tsaga, jiki ya yi duhu tsakanin kore da makuba, ƙayoyi biyu na farkon fiffiken baya su yi tsawo suna tashi kamar tuta in ransa ya ɓaci. Babban namiji yana ƙara wani koren layi a tsaye a tsakiyar jiki. A teku yana kai santimita 40, a akwati ma ka sa ran 25 zuwa 30, wajen taƙi guda da rabi ke nan. A idona babban ya fi jaririn kyau nesa ba kusa ba, amma na ga mutane da dama a Jidda sun dawo da shi shago suna cewa an musanya musu kifi.

A teku ba cikin rassan murjani yake yini ba. Wurinsa filin yashi da ɓaraguzan duwatsu da ke gefen murjanin, daga ruwa mai zurfin ƙugu har wajen mita 50. Sana'arsa juya duwatsu. Na sha zama gaban gilashi bayan la'asar ina kallonsa: zai zo ya tsaya kan dutse, ya karkata kai, ido ɗaya yana jujjuyawa kamar na hawainiya, sai ya cusa baki ƙarƙashi, ya kama gefen da fiƙoƙinsa, ya karkace jiki ya buga wutsiya sau biyu. Dutsen da ya kusa girman kansa sau uku sai ka gan shi a kife. Abin da ya tarar a ƙasa, ƙaguwa ce, dodon koɗi ne, tsutsa ce, kafin ta motsa ya sure. Haƙoran gaba na kamawa ne, niƙa kuwa a maƙogwaro ake yi, inda yake da wasu haƙora masu faɗi kamar dutsen niƙa da ɗansa. In ɗaki ya yi tsit kana jin ƙarar fashewar katantanwa, ƙas, ƙas, sannan ya furzar da ɓawon. Abin da ya fi ƙarfin bakinsa kuma sai ya ɗauka ya je ya yi ta maka shi da dutse har ya farfashe. Tafiyarsa ma daban ce. Da fikafikan gefe yake tuƙi kamar mai kwalekwale, wutsiya sai gudu ya kama.

Barcinsa shi ne abin da ya fi ruɗa sabon mai kiwo. Rana na faɗuwa zai yi shawagi biyu ko uku a kan yashi, ya kwanta ta gefe, ya yi wani irin girgiza, ƙura ta tashi, shi ke nan. Kafin ƙiftawar ido babu shi babu alamarsa sai gari ya waye. Yaran gidanmu Ɗan-kaji suka sa wa nawa, don tare da kaji yake shiga kwana, ladan na kiran magariba shi kuma yana nutsewa. In ya tsorata da rana ma haka yake yi. Kada ka haɗa shi da gaiwar da muke tonowa a busasshen tabki, wadda ke naɗe kanta cikin majina ta yi watanni tana shaƙar iskar sama. Shi koris yana cikin yashin ne yana shaƙar ruwan da ke ratsa tsakanin ƙwayoyinsa, shi ya sa ruwan nan dole ya kasance mai iska ko da tsakar dare. Ka riƙe wannan, zan dawo kansa.

Sabon zuwa kuma da agogon garinsu yake zuwa. Tsakanin Bali da Nijar awa 7 ne. Rana tana fitowa can da ƙarfe 6 na safe, a nan 11 na dare ke nan, tana faɗuwa can a nan hantsi ya dubi ludayi. Sai ka ga kifi ya fito kowa na barci, ya koma yashi kafin azahar, kai kuma kana cewa ya mutu. Wani yakan yi kwana uku, wani mako guda ko fiye bai leƙo ba. Kada ka sa hannu ka tono shi. Masu tono sun kashe koris fiye da yadda cuta ta kashe.

Wani abin ikon Allah a dangin nan, mafi yawansu mata suke fara rayuwa, babbar cikinsu ce ke rikiɗa ta zama namiji. A 1972 wani masani, Ross Robertson, ya wallafa abin da ya gani a tsibirin Heron na Ostiraliya game da wani ƙaramin ɗan dangin, Labroides dimidiatus: in aka cire namiji daga cikin matansa, cikin ƴan awoyi uwargidan take fara yin irin halinsa, bayan kamar mako biyu kuma ta zama namiji cikakke mai iya haihuwa. Koris ma a kan wannan tsarin yake. Lokacin haihuwa namiji da mace su yi sama da gudu tare, su saki ƙwai da maniyyi a ruwa, igiyar teku ta tafi da su, ƴaƴan su yi makonni suna yawo kafin su sauka kan yashi. Babu gida, babu reno. Don haka ka cire tunanin da na san yana ranka, na samo biyu su hayayyafa kamar tarwada. Kusan duk koris ɗin da ke kasuwa daga teku aka kamo shi, kuma a wasu sassan Indunusiya da Filifin har yanzu akwai masu fesa gubar sayanid don kifi ya suma su ɗauka. Irin wannan yakan iso da launi mai kyau, ya ci abinci, bayan ƴan makonni ya mutu ba ka san dalili ba.

To, yanzu mu dawo Maradi. Shekara ukun da ka yi da tarwada sun koya maka haƙuri da tashin asuba, amma za su iya yaudarar ka. Tarwada tana da wata gaɓa a cikin kai mai rassa kamar ƙaramar bishiya, da ita take shaƙar iskar sama kai tsaye, shi ya sa take kwana a baho da ruwa kaɗan a kasuwa ta wayi gari tana buga wutsiya. Koris ba shi da wannan gatan. Ga shi ruwan gishiri bai riƙe iskar shaƙa kamar ruwan daɗi: a digiri 25, lita ɗaya ta ruwan daɗi tana ɗaukar miligiram 8 da ƴan kai, ta teku ba ta kai 7 ba, in zafi ya kai 30 kuma ta sauko wajen 6. Alhali zafin ne ke sa jikin kifi ya ƙara buƙata. Ruwan da tarwada za ta yi ƙiba a ciki, shi a awa ɗaya zai gama da shi.

Gishirin Bilma ba zai yi ba, na Foga ma haka, na buhu mai ayodin ma haka. A kowane kilo na ruwan teku akwai gishiri giram 35. Wajen kashi 85 cikin ɗari shi ne irin na miya, sauran kuwa maganiziyom ne kimanin miligiram 1,300 a lita, kalsiyom wajen 420, fotasiyom wajen 400, da salfet mai yawa, da sinadaran da ke hana ruwan yin tsami. Kifin teku yini yake yana shan ruwan nan, yana fitar da gishirin ta mashaƙarsa da ƙodarsa, kuma jikinsa a kan wannan awon aka gina shi. Kantu da beza na lasar dabbobi ne da tukunya, da ƙasarsu da kanwarsu. Abin da kake buƙata gishirin da aka haɗa musamman don akwatin kifi, irin su Instant Ocean ko Red Sea ko Tropic Marin, a bokiti mai kilo 20 ko fiye. Yi lissafi tun yanzu: akwati mai lita 500 zai ci wajen kilo 18 ranar farko. In kana canza lita 50 duk mako biyu, a shekara kusan kilo 50 ne, kuma ba a Babbar Kasuwa za ka same shi ba. Awo kuma da rifiraktomita ake yi, ɗan madubin nan da ake ɗiga wa ruwa a duba a haske, ana neman 1.025. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima, in ji Hausawa, sai dai a nan ko kimar bai sani ba, harshe ma haka.

Ruwan da za a narka gishirin a ciki shi ma magana ce. Na famfo da na rijiya da na burtsatse duk suna ɗauke da abin da ƙasa ta ba su, kuma mu mutanen yankin nan abin da sinadarin fuloraid na cikin ruwan sha ya yi wa yaran Tibiri ya ishe mu sanin cewa ruwa garau ba shaida ba ne. Ana son ruwan da ya bi ta injin osmosis, mai tace abin da ya narke a ruwa. Sa'arka ɗaya, wasu masu yin fiya-wata suna da injin. Sayi ɗan ma'aunin nan mai kama da biro da ke nuna yawan abin da ya narke a ruwa, ka je da bido ka auna a gabansu. In ya nuna ƙasa da 10, yi ciniki da su.

Inda gizo ke saƙa kuwa shi ne zafi. Koris yana son digiri 24 zuwa 27. A 28 ba laifi, a 30 an fara taka sawun ɓarawo, abin da ya wuce 32 kuma ya daɗe, sai addu'a. Kai ma ka san Afrilu da Mayu a garin nan, inuwa ma sama da 40 take, ɗaki mai rufin kwano kuwa ba a magana, ga famfunan akwatin da fitilarsa suna ƙara nasu ɗumin. Dabarar farko kakanninmu sun riga mu sani, ita ce ta randa. Ruwan da ya tashi ya bi iska yana tafiya da zafi: lita ɗaya in ta ƙafe daga akwati mai lita 400, tana sauke shi da kusan digiri ɗaya da rabi. Ka ɗora fanka tana busa saman ruwan, a busasshiyar iskarmu ta Maris da Afrilu za ka samu saukin digiri 3 ko 4 ba tare da wani inji ba. Amma randa ba ta da gishiri. A akwati ruwa ne kawai ke tashi, gishiri yana nan zaune. In kana asarar lita 8 a yini, ka yi tafiyar kwana biyar zuwa biki Tasawa ba wanda ya ƙara, lita 400 ta koma 360, gishirin ya hau daga 35 zuwa kusan 39. Abin da ya ƙafe da ruwan osmosis zalla ake mayar da shi, kullum, ba da mai gishiri ba. Na ga wanda ya yi wata guda yana cikowa da ruwan gishiri yana mamakin me ke damun kifinsa.

Lokacin da ya fi ba ni tsoro ƙarshen Mayu ne zuwa Yuni, sa'ad da hadari ke haɗuwa ya watse, iska ta yi nauyi da laima amma zafi bai sauka ba. A nan fanka takan gaza, kamar yadda randa ma ba ta sanyi sosai a irin ranakun. Sai injin sanyaya ruwa ko ɗaki mai na'urar sanyi, su kuma wuta suke ci ba kaɗan ba. Da hunturu kuma abin ya juya: daren Disamba da Janairu yana sauka ƙasa da 15, sai ka sa hita.

Duk wannan a kan kuran ya rataya. Wutarmu ta Katsina take shigowa, kuma duk wanda yake garin nan a watan Agusta na 2023, lokacin da Najeriya ta yanke layin bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, ya san abin da nake nufi. Nawa koris ɗin ma tun kafin wannan na rasa shi, a wata bazara. An ɗauke wuta da azahar, na ce yanzu za a kawo, na fita harkokina. Da magariba ma'auni yana nuna 33, ruwa ya tsaya cik, shi kuma ya yi abin da ya saba, ya shige yashi, wurin da iska ta fi ƙaranci a duk akwatin. Na yi ta ɗiban ruwa da kofi ina zubawa daga sama har dare ya raba, barci ya sace ni. Da safe na tarar da shi rabin jiki a waje, rawayar wutsiyar ta koɗe kamar tsohon zane. Shekara biyu da wata huɗu yana hannuna. Laifin nawa ne, da kuɗin batir na sayi fitila mai kyau. Batir mai bolt 12 da amfiya 100, in ka ja rabinsa kawai, zai riƙe ƙaramin famfon motsa ruwa da fanka masu cin wat 30 har awa 20. Haɗa shi da sola, ka sa famfon yana karya saman ruwa. Fitila ta mutu kwana uku ba komai, motsin ruwa ne ba a yarda ya tsaya ba.

Akwatinka mai lita 60 zai ɗauke shi ƴan watanni ne kawai. Babba yana son lita 450 zuwa 500, tsawon aƙalla mita ɗaya da rabi, don mai yawo ne. Da ruwa da gilashi da dutse nauyin ya doshi kilo 700, saboda haka a ƙasa za a kafa shi kan ƙarfe mai ƙwari, a ɗakin da rana ba ta duka da yamma. A shimfiɗa yashin aragonait, wato farin yashin teku irin na murjani, mai laushi, zurfin santimita 7 zuwa 10. Na san Gulbi cike yake da yashi kyauta, amma da laka yake da taki da abin da ruwan damina ya kwaso, ba ya kuma taimaka wa ruwa ya riƙe awonsa. Tsakuwa mai kaifi tana yanka masa baki da ciki wajen nutsewa, ciwon ya ruɓe. Marmara ma kada ta shiga, ƙarfe gare ta. Duwatsun murjani busassu za ka nema, ka ɗora su a kan gilashin ƙasa tukuna, ka manne su da juna, sannan ka zuba yashi. In ka ɗora dutse kan yashi zai tone ƙarƙashi ya rufto a kansa ko ya fasa gilashi. Sama kuma a rufe da raga, don tsalle yake yi kamar an harba kibiya, murfin gilashi kuwa yana tare zafi. Sai abin da littattafan Turawa ba za su gaya maka ba: ƙurar hunturu, da hayaƙin turaren wuta, da maganin sauro na feshi da na kunnawa. Maganin sauron nan guba ne ga kifi ko kaɗan ne ya sauka a ruwa. Ka yi wa uwargida bayani tun kafin akwatin ya shigo gida, kada ya zama abin rigima.

Ba a zuba kifi a sabon ruwa. Kashinsa da numfashinsa amoniya suke fitarwa, ita kuma a ruwan teku mai ɗumi ta fi dafi. Sai wasu ƙwayoyin bakteriya sun zauna a dutse da yashi suna mayar da ita nitirit, wasu su mayar da nitirit nitirat. Jefa ɗan guntun ɗanyen kifi ya ruɓe a ciki, ka riƙa aunawa, mako 4 zuwa 6, har amoniya da nitirit su koma sifiri. Na'urar nan mai tayar da kumfa tana kwashe datti ma tana da amfani, don koris maciyi ne kuma mai ɓata wuri.

Hanyar zuwansa ma abin dubawa ce. Ba a shiga jirgi da ledar ruwa a hannu, ta ɓangaren kaya ake turo kifi, a leda mai iskar oksijin cikin kwalin soso, da takardu. Daga Yamai zuwa nan sama da kilomita 600 ne a mota, ta Kano kuma sai an bi Katsina da Jibiya da Ɗan Isa da tsaye-tsayen iyaka. Koris a leda yana ta ƙoƙarin nutsewa cikin yashin da babu, ya daddauje baki, wanda bakinsa ya lalace kuwa ba ya ci. A zaɓi mai santimita 6 zuwa 10, wanda aka ga yana cin abinci da ido. Ƴan ƙananan nan kamar na hotonka su suka fi mutuwa. In leda ta kwana a hanya, kada ka buɗe ta ka bar shi ciki kana ɗiga masa ruwa awa guda: da iska ta shiga, amoniyar da ta taru take zama dafi. Daidaita zafi tun leda na rufe, daidaita gishirin naka da nata, ka ɗauke shi ka saka. A nan lita 60 ɗinka za ta yi rana, ta zama ɗakin killacewa na mako huɗu, da robar yashi a kusurwa don ya samu wurin kwana. Tsutsar ciki da ta mashaƙa da firazikwantal ake maganinsu, sinadarin da ake ba yara don tsargiya, amma akwai wanda aka haɗa don kifi, shi za ka nema.

Ci kam ba ya ba da wahala in ya zauna. Sau biyu ko uku a yini, kaɗan-kaɗan: ɗanyen jatan lande yankakke, naman katantanwar teku, da ƙwayoyin abincin da aka yi don kifin teku. A nan ƙwayoyin su ne za su zama tuwonsa, tun da abin firigo bai da tabbas. Kifin kwali ɗanye sai jefi-jefi, mai gare shi, yana ɓata ruwa. Busasshen karafish mai hayaƙi da abincin tarwada ka bar su inda suke. Maƙwabta kuma, duk ƙaguwa da dodon koɗi da jatan landen ado da ka saka, abincin dare ka saya masa, ƙaramin kifi ma in ya shiga bakinsa ya tafi. Murjani ba ya ci, amma yana kifar da shi ya binne da yashi. Koris biyu a akwati ɗaya faɗa ne.

Da ni ne kai, ma ba da shi zan fara ba. Akwai ɗan'uwansa Halichoeres chrysus, rawaya shar kamar lemun tsami nunanne, bai wuce santimita 12, shi ma a yashi yake kwana, kuma lita 200 ta ishe shi. Wanda zan hana ka shi ne Labroides ɗin nan da na ambata, mai shuɗi da baƙin layi, wanzamin teku, wanda manyan kifaye ke yin layi yana cire musu ƙwari har cikin baki. Wata masaniya, Alexandra Grutter, ta ƙirga a tsibirin Lizard na Ostiraliya cewa guda ɗaya yana cin ƙwari wajen 1,200 a yini, a 2019 kuma masana a Osaka suka wallafa cewa yana gane tabon da aka sa masa in ya duba madubi. A akwati yawanci yunwa ke kashe shi, can inda aka ɗauko shi kuma an bar unguwa babu wanzami.

In har zuciyarka ta kafe, ga abin da nake so ka yi. Haɗa babban akwatin da hunturu, da gishirinsa da yashinsa da batir da fanka, ka bar shi yana aiki babu kifi ko ɗaya har bazara ta wuce. Sayi littafi, kullum da asuba da la'asar ka rubuta zafin ruwa, da awon gishiri, da lita nawa ka ƙara, da awa nawa aka yi babu wuta. A wannan tafiyar abokinka ya taho maka da bokitin gishiri, da rifiraktomita, da kayan auna amoniya da nitirit da nitirat, da buhun aragonait, da famfo mai aiki da batir. Kifin ya bar shi a Dubai. In ruwan farko ya sauka a Yuni, ɗauki hoton shafukan Afrilu da Mayu ka turo min. In ban ga 30 a ciki ba, ni da kaina zan rubuta maka abin da zai gaya wa mai shagon. A gaida mutanen gida.